Daga Jakar Wasiƙunku: Ciwon Cikin Da Ke Sa Mutum Tsoron Abinci

 Kamar yadda muka saba, abin da aka karanta a rediyo shi muke bugawa a nan, domin wanda yake gona ko kasuwa lokacin da aka watsa shirin ya samu ya karanta, ko kuma a karanta masa.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar albasa da ke zaune a Ƙofar Dundaye cikin birnin Sakkwato. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Mahaifina ne, ya ba shekara 65 baya, manomin fadama ne. Yau wata takwas ke nan, da zarar ya ci abinci ba a jimawa sai ciki ya murɗe shi, ya kwanta yana nishi har wajen awa biyu kafin ya lafa. Mun sayi maganin olsa a kemis har mun gaji, mun yi na gargajiya, babu sauƙi. Yanzu ko tuwo aka kawo sai ya kau da kai, alhali yana jin yunwa, kuma ya rame ƙwarai. Yana da hawan jini, ya kuma daɗe yana shan taba. Wani ma'aikacin asibiti ya ce mana wataƙila jijiyoyin hanji ne suka tsuke. Shin hanji ma yana da jijiyar da ke tsukewa? Yaya ake gane wanga ciwo, kuma yana da magani?"

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ba Baba lafiya. Tun da farko bari mu gaya maka gaskiya, ba a duba marar lafiya ta rediyo ko ta jarida. Sai likita ya gan shi, ya taɓa cikin, ya yi gwaje-gwaje. Amma abin da ma'aikacin nan ya faɗa maka ba shaci-faɗi ba ne. Akwai wannan ciwo, ana iya gano shi, kuma yana da magani muddin an kai mutum kafin abin ya ƙazanta. Ga bayani dalla-dalla, domin kai da sauran jama'a ku san abin da za ku nema in kun je asibiti.

YADDA JINI KE KAI WA HANJI

Hanji nama ne mai rai, kuma yana aiki ba dare ba rana. Ƙaramin hanji na babban mutum ya kai wajen mita 6, babban hanji kuma wajen mita ɗaya da rabi. Duk wannan tsawo sai jini ya ratsa shi ya kai masa iska, ya kuma kwaso amfanin abincin da aka narke. Zuciya takan tura wajen lita 5 na jini a kowane minti in mutum yana zaune, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan jini kayan ciki yake nufa.

Akwai wata babbar jijiyar jini da ta taso daga zuciya ta gangaro ta gaban ƙashin baya, ita ce uwar jijiyoyi. Daga jikinta ne jijiyoyi uku suka tsiro suka nufi kayan ciki. Ta sama tana shayar da tumbi da hanta da saifa. Ta tsakiya, wadda ita ce mafi muhimmanci a wannan magana tamu, tana shayar da ƙaramin hanji da wajen rabin babban hanji. Ta ƙasa kuwa ita ke kula da sauran babban hanji.

Waɗannan uku ba a ware suke ba, akwai ƙananan jijiyoyi da suka haɗa su. Kai da kake Sakkwato ka san tsohon birni yana da ƙofofi da yawa. In aka rufe Ƙofar Dundaye, mai kaya sai ya zagaya ta Ƙofar Kware ya shiga gari, ko da ya makara. Haka jini yake yi. Shi ya sa mutum kan rayu shekaru da jijiya ɗaya a tsuke bai ma sani ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gano cewa cikin tsofaffin da suka wuce shekara 65 da aka auna, wajen mutum ɗaya cikin shida yana da tsukewar ɗaya daga cikin jijiyoyin nan. Galibi ciwo ba ya bayyana sai biyu daga cikin ukun sun tsuke, ko kuma ta tsakiyar ta tsuke ƙwarai.

ME KE TSUKE JIJIYAR?

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Rima ya san yadda tiyon ban-ruwa yake yi in laka ta taru a cikinsa. Inji yana ta ƙara, amma ruwan da ke isa bakin kwami bai taka kara ya karya ba. Abin da ke faruwa da jijiya ke nan. Kitse da wasu ƙwayoyin jini sukan riƙa liƙewa a bangon jijiyar daga ciki, shekara da shekaru, har su yi tauri, hanyar jini ta ragu. Cikin masu wannan ciwo, fiye da kashi 90 cikin ɗari wannan ne sanadinsu.

Ka lura, wannan laka ba hanji kaɗai take zaɓa ba. Ita ce in ta toshe jijiyar zuciya take kawo bugun zuciya, in ta toshe ta ƙwaƙwalwa take kawo shanyewar ɓarin jiki, in kuma ta tsuke ta ƙafa sai mutum ya riƙa jin sharaɓarsa tana ɗaurewa in ya yi 'yar tafiya, ya tsaya ya huta ta sake shi. Saboda haka ka tambayi Baba ko yana jin irin wannan a ƙafa in zai je gona ko masallaci, ko ƙirjinsa yana masa nauyi in ya yi aiki. In haka ne, ka gaya wa likita, domin babbar shaida ce.

Abubuwan da ke gaggauta taruwar wannan kitse sanannu ne: shan taba, hawan jini, ciwon sukari, yawan kitse a cikin jini, ciwon ƙoda, da kuma tsufa. A ƙasashen da aka fi ƙididdige ciwon, akasarin masu shi sun wuce shekara 60, kuma mata sun fi maza yawa. Don haka kada a ce ciwon tsofaffin maza ne kawai. Akan sami matasa ma jefi-jefi, musamman 'yan mata, waɗanda kumburin bangon jijiya ne ya tsuke musu ita, ko kuma wata tsoka da ke ƙarƙashin ƙirji ta danne jijiyar sama.

DALILIN DA YA SA SAI BAYAN AN CI ABINCI

In ciki ba kome, ɗan jinin da ke ratsawa ta tsukakkiyar jijiya yakan wadatar. Amma da zarar tuwo ya sauka, hanji ya kama aiki, sai ya nemi jini ninki biyu ko fiye. Jijiya mai lafiya sai ta buɗe ta ba shi. Wadda ta tsuke kuwa ba ta iyawa, sai hanji ya shiga yunwar jini, wannan yunwa ita ce zafin da marar lafiya ke ji.

Zafin kan taso kamar minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, a tsakiyar ciki ko saman cibiya, ya yi awa ɗaya zuwa uku, sa'an nan ya lafa da kansa. In abincin mai yawa ne ko mai maiƙo, ciwon ya fi tsanani. A hankali sai mutum ya gane cewa abinci ne ke jawo masa azaba, ya fara rage ci, daga malmala biyu ya koma rabi, daga rabi ya koma kunu. Yunwa tana nan, tsoro ne ya hana shi ci. Wannan ya bambanta da mai ciwon daji, wanda shi galibi sha'awar abincin ce take gushe masa baki ɗaya. Daga nan sai rama, wani lokaci da zawo ko tashin zuciya ko kumburin ciki.

Wani likita mai suna Dunphy a birnin Boston na Amurka shi ya ja hankalin likitoci kan wannan a 1936. Ya bi tarihin mutum 12 da suka mutu saboda hanjinsu ya rasa jini, sai ya tarar 7 daga cikinsu sun daɗe suna kukan ciwon ciki kafin ranar da abin ya kayar da su. Watau jiki yakan yi gargaɗi, sai dai a ƙi saurare.

BA KOWANE CIWON CIKI NE WANNAN BA

A nan sai mu ja kunnen jama'a. Wannan ciwo ba mai yawa ba ne. Kada duk wanda cikinsa ya murɗa bayan ya sha fura ya ce jijiyarsa ta tsuke. A ƙasarmu abubuwan da suka fi kawo ciwon ciki da rama su ne gyambon ciki, watau olsa, da tsakuwar matsarmama, da tarin fuka da ya sauka a ciki, da ciwon daji na tumbi ko na hanji ko na hanta, da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, da kuma ƙanjamau. Dole likita ya tankaɗe waɗannan tukuna.

Ga ɗan bambanci da za ka riƙe. Mafi yawan masu gyambon da ke bakin hanji sun fi jin zafi in suna jin yunwa ko da tsakar dare, in sun ci wani abu sai ya lafa, kuma maganin olsa yakan ba su sauƙi cikin 'yan kwanaki. Mai tsukewar jijiya kuwa yana lafiya in bai ci ba, abinci ne ke tayar masa da ciwon, kuma maganin olsa ba ya yi masa kome. Amma wannan ba hukunci ba ne, domin gyambon da ke cikin tumbi da ciwon dajin tumbi su ma kan yi zafi bayan cin abinci. Abin da ba shi da shakka shi ne: dattijon da ya wuce shekara 50, yana ciwon ciki wata da watanni, yana ramewa, ya wuce zancen kemis. Ko mene ne sanadin, asibiti ne wurinsa.

YADDA AKE GANO SHI A ASIBITI

Mataki na farko shi ne labarin da za ku ba likita, kuma ya fi kowace na'ura muhimmanci. Kada ka ce "ciwon ciki yake yi" ka yi shiru. Ka faɗi yaushe ya fara, minti nawa bayan abinci yake tasowa, awa nawa yake yi, da cewa yana jin yunwa amma yana tsoron ci. Ka faɗi zancen taba da hawan jini ba tare da jin nauyi ba. Ku tafi da duk kwalayen magungunan da ya sha, har da na gargajiya.

Likita zai auna nauyinsa da hawan jininsa, ya taɓa cikin, ya lalubi bugun jini a ƙafafu, ya kuma sa abin saurare a saman ciki, domin wani lokaci akan ji ƙarar jini yana kutsawa ta tsukakkiyar hanya. Za a ɗebi jini a duba ƙarancin jini, da sukari, da kitse, da lafiyar ƙoda da hanta. Sau da yawa akan zura wani siririn bututu mai fitila ta baki a leƙa tumbi, a tabbatar ba gyambo ko daji ba ne.

Bayan haka sai hoton jijiyoyin. Akwai iri uku da ya kamata ka sani.

Na ɗaya shi ne sikanin, irin na'urar da ake duba mata masu juna biyu da ita, amma wadda ke auna gudun jini, ana ce mata Dofla. Ba allura, ba zafi. Akan ce mutum ya zo da safe bai ci kome ba na awa 6 zuwa 8, saboda iskar hanji tana tare hoton. Ka san in ka matse bakin tiyo da yatsa ruwa yakan ƙara gudu. Haka jini yake yi a inda jijiya ta tsuke. In gudunsa a jijiyar tsakiya ya kai santimita 275 a daƙiƙa, ko 200 a ta sama, likitoci kan ɗauka hanyar ta ragu da kashi 70 cikin ɗari ko fiye. Sai dai a lura, sikanin ciki na yau da kullum ba ya nuna wannan. Sai likita ya rubuta a fili cewa jijiyoyin hanji ake so a duba, kuma sai mai hoton ya ƙware.

Na biyu shi ne hoton siti sikan, wanda ake yi wa mutum allurar wani ruwa a jijiyar hannu domin jijiyoyin ciki su fito sarai. Wannan shi ne hoton da likitoci suka fi dogara da shi a yanzu, domin yana nuna inda ta tsuke da yadda ta tsuke, ya kuma tona asirin wani ciwon in akwai, kamar ƙari. Kafin a yi shi dole a auna ƙoda, saboda ruwan allurar yana iya wahalar da ƙodar da ba ta da ƙarfi. Mai ciwon sukari ya faɗi irin maganin da yake sha.

Na uku shi ne a zura siririn bututu cikin jijiyar matsematsi ko ta hannu har ya kai bakin jijiyar hanji, a ɗauki hoto daga can. A yau galibi ana yin wannan ne in za a gyara jijiyar a zama guda.

Kai da kake cikin birni, ka fara da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka nemi ganin likitan ciki ko likitan tiyata. Wanda yake ƙauye ya je babban asibitin ƙaramar hukumarsa ya nemi takardar turawa. In aikin ya fi ƙarfin inda kuke, su ne za su rubuta muku inda za ku je, ko Kano, ko Zariya, ko Abuja, ko Legas. Kada ku ɗauki marar lafiya ku kama hanya ba takarda, domin asarar kuɗin mota ce.

MAGANI

Maganin kashi biyu ne: hana lakar ƙaruwa, da buɗe hanyar da ta tsuke.

Kashi na farko ya hau kan kowa. A bar taba kwata-kwata, ko ta sha, ko ta shaƙa, ko shisha, ba ragewa ba. A sha maganin hawan jini kullum, ba sai an ji ciwon kai ba, a kuma riƙa aunawa a ga ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. A kula da sukari. Likita kan ba da maganin rage kitsen jini, da ƙaramin asfirin ko makamancinsa domin hana jini daskarewa a wurin da ya tsuke. Amma a yi hattara, kada wani ya ji mun ambaci asfirin ya je ya saya da kansa. In gyambo ne ke damun mutum, asfirin zai iya sa shi aman jini. Haka nan magungunan ciwon jiki da manoma da 'yan dako ke yawan sha, irin su diklofenak da ibuprofen, suna cin tumbi suna kuma lalata ƙoda.

Sai dai a sani, waɗannan magunguna ba sa buɗe jijiyar da ta riga ta tsuke. Wanda ya kai ga ciwo bayan cin abinci da rama, maganinsa shi ne a buɗe wa jini hanya, kuma ba a jira wai sai ya murmure tukuna, domin ba zai murmure ba sai hanjin ya sami jini.

Hanya ta farko ba a yanka ciki. Akan kashe zafin wurin, a zura bututun nan da muka ambata har inda ta tsuke, a hura wani ɗan balan-balan ya buɗe wurin, sa'an nan a bar wata 'yar raga ta ƙarfe mai siffar bututu ta tokare bangon jijiyar, wadda ake kira sitent. An fara buɗe jijiyar hanji da balan-balan a 1980. A 2021 ƙungiyar likitocin tiyatar jijiyoyin jini ta Amurka ta ba da shawarar cewa wannan hanya ce za a fara gwadawa ga mafi yawan marasa lafiya. Amfaninta shi ne mutum kan tashi da wuri, kwana ɗaya ko biyu a sallame shi, kuma ta fi sauƙi ga tsoho mai rauni. Illarta ita ce wurin yakan sake tsukewa ga wasu, sai an maimaita.

Hanya ta biyu ita ce tiyata. Ko dai a buɗe jijiyar a kankare lakar, wanda likitoci biyu, Shaw da Maynard, suka fara yi cikin nasara a Boston a 1958, ko kuma a ɗinka sabuwar hanya ta kewaye wurin da ya toshe, da bututun roba na musamman ko da jijiyar da aka ciro daga ƙafar mutumin. Wannan babban aiki ne, jinyarsa ta fi tsawo kuma haɗarinsa a farko ya fi yawa, amma ya fi ƙarko. Likita ne zai auna shekarun mutum da ƙarfin zuciyarsa da yadda jijiyar ta lalace, ya faɗi wadda ta dace. Ku tambaye shi ba kunya: wace hanya, don me, nawa ne, kuma mene ne haɗarinta.

Akasarin waɗanda aka yi wa aikin cikin nasara sukan koma cin abinci ba tsoro, jiki ya dawo. Amma ba a sallama da asibiti. Za a ci gaba da shan magani, a kuma riƙa komawa ana sikanin lokaci-lokaci. In ciwon ya dawo, a koma nan da nan.

RANAR DA BA A JIRA

Yanzu ga abin da muke roƙon kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Jijiyar da ta tsuke tana iya toshewa gaba ɗaya rana guda. Haka kuma gudan jini na iya ɓallowa daga zuciya ya je ya toshe jijiyar hanji ga wanda bai taɓa ciwon ciki ba. Wannan ya fi samun mai bugun zuciya marar tsari, da wanda ƙofofin zuciyarsa suka lalace tun yana yaro sakamakon ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, da wanda zuciyarsa ta kumbura ta yi rauni, har da matan da hakan ke samu bayan haihuwa, abin da likitocin Sakkwato da Zariya da Kano suka daɗe da sani.

Alamarsa ita ce ciwon ciki mai tsananin gaske da ya faɗo farat ɗaya, mutum yana birgima yana gumi, sau da yawa da amai ko zawo, amma in ka taɓa cikin da farko sai ka ji shi da laushi kamar ba kome. Wannan laushi ne ke yaudarar mutane. Hanjin da jini ya yanke masa yakan fara mutuwa cikin kamar awa 6. In aka kai ga bayan gida da jini, ciki ya kumbura ya yi tauri, to an makara ƙwarai. In an yi jinkiri, fiye da rabin waɗanda abin ya sama ba sa tashi, waɗanda suka tashi kuma sau da yawa sai an yanke musu wani sashe na hanji.

Saboda haka in wannan ya faru, ko da ƙarfe biyun dare ne, ba a jiran asuba, ba a jiran a sayar da akuya ranar kasuwa. Kada a ba shi abinci ko jiƙo ko kanwa, kada a yi tsaga, kada a kira mai allura gida. A ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na babban asibiti inda ake tiyata, a kuma gaya wa likita tun daga bakin ƙofa cewa yana da ciwon zuciya, ko kuma ya daɗe yana ciwo bayan cin abinci. Ga Baba kuma, in ciwon ya fara zuwa ko bai ci kome ba, ko ya ƙi lafawa kamar yadda ya saba, wannan ma alama ce ta a garzaya.

KAFIN RANAR GANIN LIKITA

A raba masa abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini maimakon babban akushi sau biyu. A ba shi mai laushi marar maiƙo, kamar kunu, da fate, da tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, da kifi, da ƙwai. A rage man shanu da kitse da soye-soye. A rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Ya riƙa shan ruwa sosai, musamman a bazarar Sakkwato da zafi kan haura digiri 40, domin in jiki ya bushe jinin da ke kai wa hanji yakan ƙara raguwa. In ya kamu da zawo ko amai, a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti. In watan azumi ya zo, mai irin wannan ciwo ya tuntuɓi likita da malami tun kafin a ga wata, domin yinin ƙishirwa da cika ciki a lokacin buɗa baki duka suna iya tayar masa da ciwon. Amma fa duk wannan lallaɓawa ce, ba magani ba.

Sai zancen kuɗi, wanda mun san shi ne ke tsaye a ran kowa. Hoton siti sikan da aikin jijiya suna da tsada, ba za mu ɓoye maka ba. Amma ka lissafa abin da ya tafi a kemis da wajen masu magani cikin wata takwas. Ka tara 'yan uwa tun yanzu a yi shawara, a ware wani abu daga cinikin albasar bana kafin a shiga halin gaggawa, domin aikin gaggawa ya fi tsada kuma ya fi haɗari. Ka kuma tambaya a asibiti game da ofishin taimakon marasa ƙarfi da shirin inshorar lafiya, wanda aka yi wa sabuwar doka a Nijeriya a 2022.

Ku kuma sauran jama'a, manoma da 'yan kasuwa da kuka haura shekara 40, ku riƙa auna hawan jini da sukari ko da sau ɗaya ne a shekara, ko kuna jin lafiya lau. Mai shan taba ya bari tun jijiyoyinsa suna da sauran faɗi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Malam, kada wannan mako ya wuce ba ka kai Baba asibiti ba. Ka yanke wannan shafi ka tafi da shi in kana so, ka kuma rubuto mana yadda aka yi, domin wasu su ƙaru. Allah ya ba shi lafiya, da sauran marasa lafiya na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.